Ba Duk Hazo Ne Daga Chadi Ba

Mutumin birni yana da wata 'yar ƙarya da yake yi wa kansa, wai iska mai tsabta tana ƙauye. Idan hayaƙin A Daidaita Sahu da na janareto ya ishe shi a Kano, sai ka ji yana cewa da zai samu hali da ya koma kudu, can wajen Tiga ko Falgore, ya shaƙi iskar Allah. Da damina maganarsa gaskiya ce. Amma ya gwada zuwa cikin Disamba ko Janairu, ya kwana a Kiru ko Tudun Wada, ya fito bayan sallar asuba ya tsaya a kan tudu ya dubi fadama. Zai ga wani farin abu shimfiɗe a kan gari, a kwance sambal, bai wuce tsayin itatuwa ba: kan giginya a fili tas, gindinta a lulluɓe. Idan ya tambaya za a ce masa hunturu ne, hazo ne. Idan kuwa ya ja numfashi da kyau, hancinsa zai ba shi wani labari dabam. Zai ji ƙaurin itace, da na ɓuntu, da ɗan warin leda. Ƙurar hamada ba ta ƙauri.

Abubuwa biyu ne suke haɗuwa a sararin kudancin Kano a wannan lokaci na shekara, mu kuma muka haɗa su muka ɗora wa hunturu. Ɗaya baƙo ne, daga nesa yake zuwa, ba mu da ikon tare shi. Ɗayan ɗan gida ne, mu muke kunna shi da hannunmu kowace yamma da kowace asuba. Haƙurin da ya dace da na farko shi muka shimfiɗa wa na biyu, kuma yaranmu ne suke biyan bashin wannan haƙuri da ƙirjinsu.

Asalin baƙon sananne ne. A arewacin Chadi akwai wani kwari mai suna Bodele, wanda a da can gindin Tafkin Chadi ne, zamanin da tafkin ya ninka na yanzu sau da yawa. Ruwa ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi, akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka yi dubban shekaru suna mutuwa suna taruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta faɗo kan wannan farar ƙasa ta kwashe ta. Babu wani wuri guda a duniya da yake tayar da ƙura kamar Bodele. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙurar ta iso Kano, jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta fitar da gargaɗi. Wani kaso ya ƙetare Tekun Atlantika har dajin Amazon. Ba ma sharri ne zalla ba. Tun 1980 Grant McTainsh ya wallafa bincikensa kan ƙurar da ke sauka a arewacin Najeriya, kuma an san tana ƙara wa ƙasar noma wasu sinadarai. Wannan hazo yakan zo ya yi kwanaki, ya lafa, ya sake dawowa. Ba ya zaɓar fadama ya bar tudu. Idan ya zo, har tsakar rana yana nan, rana ta koma fara fat, mutum ya dube ta da ido ba tare da ya ƙifta ba.

Wanda yake kwanciya da dare ya tashi da hantsi shi ne namu, kuma dalilin kwanciyar tasa ba ya da wuyar ganewa. Rana ƙasa take fara gasawa, ƙasa kuma ita ke ɗumama iskar da ke kanta. Shi ya sa a al'ada iskar da ke kusa da ƙasa ta fi zafi, kuma duk kilomita ɗaya da mutum ya hau sama zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos. Iska mai zafi ba ta da nauyi, tashi take yi, ta ɗauki hayaƙi ta yi sama da shi. Da azahar, hayaƙin murhu yana da sararin da ya kai kilomita ɗaya, biyu, ko fiye, da zai watsu a ciki. Da rana ta faɗi sai lissafi ya juye. A hunturu ba gajimare, ba laima a iska, don haka zafin da ƙasa ta tara da rana yana tserewa sama ba abin da ya tare shi. Garin da ya kai digiri 30 da la'asar sai ya wayi gari a 12 ko ƙasa da haka. Ƙasa ta huce, ta sanyaya iskar da ke manne da ita, alhali iskar da ke sama da 'yan mitoci goma-goma ko ɗari tana nan da ɗuminta. Sanyi a ƙasa, ɗumi a sama: wannan ne juyewar zafi. Iska mai sanyi nauyi gare ta, ba za ta ratsa mai ɗumi ta hau ba. Ɗumin nan na sama ya zama murfi, gari ya zama tukunya, duk abin da aka ƙona a ciki yana nan a ciki, sai rana ta ɗaga ta sake gasa ƙasa, wajen ƙarfe tara ko goma na safe.

Kowa ya taɓa ganin alamarsa ko bai kula ba. Hayaƙi ya tashi daga tsakar gida ya miƙe tsaye kamu kaɗan, sai ya tanƙware ya bazu a kwance. Inda ya tanƙware, nan murfin ya tare shi. Har sauti ma ba ya tsira. Shi ya sa kiran sallar asuba na ƙauyen da ke nesa, ko gurnanin tirela a kan titin Zariya, yake zuwa kunne tar da sanyin safiya, domin iskar ɗumi ta sama tana lanƙwaso sautin ƙasa. Wani abin mamaki, can a Bodele ma wannan juyewar ce ke sarrafa ƙurar. Masu binciken da suka yi zango a kwarin a 2005 sun ga iska mai ƙarfi tana kwana tana gudu a saman murfin, sai da hantsi, bayan ya buɗe, ta faɗo ƙasa ta tayar da ƙura. Idan kuma ƙurar ta iso mu, tana rage kaifin rana, ƙasa ta makara ba ta yi zafi ba, murfin namu ya makara bai buɗe ba. A nan ne baƙo yake taimakon ɗan gida.

Yanayin ƙasar kudu yana ƙara wa abin nauyi. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, kuma shimfiɗe yake. Duwatsun Riruwai a Doguwa kuwa sun haura mita 1,000. Daga wannan yanki Kogin Kano yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ya zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo. Ƙasa ce ta tudu da kwari da rafuka. Da dare iska mai sanyi tana gangarowa daga tudu ta bi kwari ta taru a fadama, kuma duk mai lambun da ya taɓa sammakon ban ruwa ya san sanyin fadama dabam yake da na kan tudu. Abin da iskar ta tarar a hanya da shi take gangarowa. Wutar da aka cinna a kan tudu da magariba, mutanen bakin rafi ne za su kwana da hayaƙinta, kuma bakin rafi nan ne mutane da dabbobi suka fi taruwa da rani. Ga laimar Tiga da ta gonakin noman rani, wadda ke kama ƙwayoyin hayaƙi ta ƙara musu kauri.

To me muke zubawa a ƙarƙashin murfin, kuma yaushe? Amsar tambaya ta biyu ita ta fi damuna. Kusan duk wutarmu a daidai lokacin da murfin yake rufe muke kunna ta. Da magariba kowane gida ya hura murhu, cikin sa'a guda gari ya ɗauka. Da asuba a sake: ruwan alwala da na wanka, koko, ƙosai, tukunyar mai shayi. A kowace kusurwa akwai wutar jin ɗumi, tsofaffi sun kewaye ta. Almajirai sun kewaye tasu wutar ta kara suna karatu, fuska a cikin hayaƙi, da daddare da kuma kafin gari ya waye. A Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, manyan motoci sukan kwana, da sassafe kuma a tashe su a bar su suna ta aman baƙin hayaƙin dizal kafin inji ya yi zafi. Waɗannan duk rayuwa ce, kuma ban zo in ce wa mai jin sanyi kada ya ji ɗumi ba.

Shara ce ba ni da uzurin da zan ba ta. An saba a share gida da la'asar, a tara a bayan katanga, a cinna wuta da magariba, a shige ɗaki a bar ta. Ba ci take yi da harshe ba, turnuƙewa take yi har safe, kuma wutar da ke turnuƙewa ta fi mai ci bal-bal fitar da hayaƙi nesa ba kusa ba. Sannan sharar yau ba irin ta kakanninmu ba ce, wadda ganye ce da kara da toka. Ta yau ledar fiya wata ce, da robobi, da tsumman nailan, da famfas, da takalman roba, a ƙauyukan noma kuma har da galan ɗin maganin feshi. Ledar da ake hura gawayi da ita a tsakar gida, yaro na goye a baya, ita ma cikin wannan lissafin take. Haka tsohuwar tayar da samari suke cinnawa a bakin titi don jin ɗumi. Hayaƙin roba yana ɗauke da gubobin da babu su a hayaƙin kara, wasunsu an tabbatar suna jawo cutar daji.

Akwai kuma wutar sana'a. Tudun Wada garin shinkafa ne, kuma shinkafa ba ta zama gumi sai da wuta. Bayan an turara an shanya an kai inji, ɓuntu ya taru tsibi-tsibi a bayan injinan casa. Tsibin ɓuntu idan ya kama wuta sai ya yi kwanaki yana ci ta ciki, ba harshen wuta, sai farin hayaƙi dare da rana. A fadamun rake ana dafa mazarƙwaila da busasshen ɓawon raken da aka matse, kuma kakarta ma cikin sanyi take faɗowa. A daji kuwa, Ɗansoshiya ne ko Falgore, kowa da dalilinsa na sa wuta: mafarauci yana son ya koro gafiya da zomo, makiyayi yana son sabon toho, mai ɗiban zuma yana son ya kori ƙudan, manomi yana son ya huta da sharar gona. Wanda ya bi hanyar Doguwa da dare a Janairu ya san jan layin nan na wuta da ke tafiya a jikin duwatsu.

Sai gawayi, wanda shi ne ya ɗaure birni da ƙauye a wannan magana. Mai ƙona gawayi yakan sare itace ya jera, ya lulluɓe da ciyawa da ƙasa, ya bar 'yan kafofi, ya kunna, ya bar shi kwanaki yana cin kansa a hankali. Sana'ar gaba ɗayanta hana wuta iska ce, wato dai ƙera hayaƙi da gangan. Da irin wannan ƙona ta gargajiya, sai an sa itace kilo biyar zuwa goma kafin a samu gawayi kilo ɗaya, ragowar kuma mafi yawansa ya bi iska. Tun 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, tsadar rayuwa ta kori gidaje da yawa daga gas da kananzir, suka koma kurfoti. Buhunan da ake jerawa a bakin hanya su ne shaida. Uwargida a Gwammaja ko Hotoro tana son gawayi don ba ya hayaƙi, ba ya baƙanta tukunya, ba ya sa ido hawaye, kuma gaskiyarta. Sai dai hayaƙin buhun nan ba ɓacewa ya yi ba. An bar shi ne a daji, wata mata da yaranta a wata ruga ko wani ƙauye sun riga sun shaƙe shi makonni kafin buhun ya iso gari, kuma ba a sa wannan cikin kuɗin buhu ba. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanya Falgore cikin dazuzzuka goma da ta amince a mayar gandun daji na ƙasa. Abu ne mai kyau, amma muddin birni mai mutane miliyoyi yana neman abin da zai dafa tuwo da shi, takarda ba za ta hana gatari aiki ba.

Wasu sun riga mu shiga wannan tukunya. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, irin wannan murfi ya rufe Landan, mutane suna ta ƙona kwal saboda sanyi. Ƙidayar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000, kuma wannan ne ya haifi dokarsu ta tsabtar iska ta 1956. Amma Delhi ta fi kama da mu. Can ma manoman Punjab da Haryana ne suke ƙona karan shinkafa bayan girbi, daidai lokacin da sanyi ya shigo iska ta kwanta, har sai da aka rufe makarantun firamare a birnin a Nuwamban 2023 da na 2024. A gida kuma mutanen Fatakwal a ƙarshen 2016 suka fara wayar gari da baƙin toka a kan taga da cikin hanci, kuma a hunturu abin ya fi tsanani. Kiru ba Landan ba ce, ba ta da masana'antu ko miliyoyin bututun hayaƙi. Amma huhun yaron da ke zaune kamu uku daga murhu ba ruwansa da girman gari.

Abin da ke yin ɓarnar ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda likitoci ke kira PM2.5. Ido ba ya ganinsu, gashin hanci ba ya tace su, suna wucewa har ƙarshen huhu, wasu su shiga jini. Ƙurar hamada tana da su, amma akasarin nauyinta manyan ƙwayoyi ne. Hayaƙi kuwa kusan dukkansa ƙananan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki da ɗumama gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kusan rabin yaran da cutar nimoniya ke kashewa hayaƙin gida yana da hannu a mutuwarsu. A lissafin UNICEF na 2018 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen mutuwar yara da nimoniya: yara 162,000 a shekara guda. Idan yaro ya fara tari, haƙarƙari na shiga yana fita, mukan ce sanyi ne ya kama shi, sai a ƙara rufe taga, a shigo da kaskon wuta ɗaki. Wato a sake yi masa wani ƙaramin murfi a cikin babban. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da barci, wani barcin kuma ba a tashi. Kusan kowane hunturu sai an ji labarin iyalin da aka fasa ƙofa aka tarar, ko ta garwashi ko ta janareto.

Na san abin da za a ce mini, kuma an yi gaskiya: “Malam, to da me za mu dafa?” Wanda ya tsaya a kasuwar Kiru yana yi wa mata wa'azin gas, a farashinsa na yau, raina musu hankali yake yi. Doka ma tana nan. Tun 2011 hukumar kare muhalli ta NESREA take da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙona shara a fili. Ban ga amfanin a ɗauki wannan doka a bi tsohuwa mai ƙosai da ita ba, kuma duk mun san idan aka ce a aiwatar, a kan mai ƙaramin ƙarfi za ta ƙare, a shingen hanya, da 'yan canji. Abin da nake kira a kai ya fi haka arha. Hayaƙi guda, idan aka sake shi da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, yana da sararin kilomita da zai bi. Idan aka sake shi da ƙarfe bakwai na dare, yana da 'yan mitoci, kuma zai kwana tare da mu. Tuwon dare ba zai koma na hantsi ba. Shara kuwa ba ta da lokacin da aka wajabta mata. A bar ta ta bushe, a tsince leda da roba, a ƙona ta da hantsi da wuta mai ci sosai, mutum na tsaye a kai, a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin la'asar.

Manomi zai ce ai don tsoron gobara yake jiran yamma, lokacin da iska ta kwanta. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba kuma zan yi kamar ban ji ta ba: iskar hunturu da rana tana iya ɗaukar tartsatsi ɗaya ta cinye dangar kara da rumbu da amfanin shekara. Kwanciyar iskar da ke ba shi kwanciyar hankali ita ce dai take riƙe hayaƙin. Don haka shawarar hantsi ta ƙaramar wuta ce, wadda mutum ɗaya da bokiti zai iya riƙewa. Babbar wuta ta daji maganinta wata ne, ba sa'a ba. Ma'aikatan gandun daji tun zamanin Turawa sun san ƙonan wuri, wato a sa wuta a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ciyawa ba ta gama bushewa ba, wutar ta yi sanyi, ta tsaya da kanta, ta bar itatuwa da rai, ta kuma rage abin da wutar Janairu za ta ci. Masu ƙona gawayi kuwa, tun da tasu wutar ba ta san dare da rana ba, abin da za a iya nema a wurinsu shi ne wuri: kada a haƙa a kan tudun da ke saman gari, kada a arewa maso gabashinsa inda iska ke fitowa. Irin wannan magana ba ta bukatar majalisa. Dagaci da mai unguwa, da sarkin noma da sarkin dawa da arɗo, da liman a huɗubar Juma'a ta farkon sanyi, su ne masu ita, kuma an fi jin tasu.

Karan gona ma, me ya sa za a ƙona shi? A ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano ba mai sa wa kara wuta a gona. Dukiya ce, ana ɗaurewa a jingine, ya zama abincin dabba da danga da makamashi. A kudu ne, inda ruwan sama ya fi yawa, masara da shinkafa suka fi barin tarkace, ake ganinsa kaya. Ga shi kuwa a 2020 gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar da matsugunin makiyaya a dajin Ɗansoshiya, da nufin su zauna wuri guda su daina dogon yawo. Shanun da za su zauna wuri guda da rani ci za su yi. Idan har da gaske ake, to karan shinkafar Tudun Wada da na masarar Doguwa yana da kasuwa a nan kusa, abin da ya rage injin ɗaurewa ne da motar ɗauka da wanda zai haɗa mai saye da mai sayarwa. Ɓuntu kuma ana matse shi ya zama dunƙulen makamashi, a dafa shinkafar da shi maimakon itace. Akwai murhunan da ke cin itace kaɗan, irin Save80 da ake haɗawa a Kano. Matsalarsu kuɗin farko ne, kuma a nan ne nake ganin haƙƙin birni ya shigo. Kuɗin da ake karɓa a kan kowace motar gawayi kafin ta shiga gari, da za a mayar da wani kaso nasa ya sauƙaƙa wa matan yankin da aka ƙona gawayin farashin murhu, da an fara biyan bashi.

Abin da ya rage shi ne awo. Gargaɗin NiMet yana magana ne kan nisan da ido ke iya gani, kuma matuƙin jirgi ya fi kowa amfana da shi. Mai jego a Bebeji abin da take bukatar ji dabam ne: gobe da safe iska za ta kwanta, kada a fito da jariri kafin hantsi, kada a ƙona shara yau. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar PM2.5 a maikirogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska a matsakaicin yini, kuma yanzu akwai ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana da ke auna wannan kowane minti, kuɗin guda bai kai na babur ba. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, jami'ar Wudil tana da ɗaliban kimiyya masu neman abin da za su rubuta a kai. A ɗaura ɗaya a Kwanar Dangora, ɗaya a bayan injinan casa na Tudun Wada, ɗaya a bakin Tiga, ɗaya a Ɗansoshiya, ɗaya a kan tudun Riruwai don kwatanci. Ranar da duka biyar suka tashi tare kuma suka wuni a sama, wannan Chadi ce. Ranar da na kwari suka haura da ƙarfe takwas na dare suka sauko da goma na safe, na kan tudu bai motsa ba, wannan mu ne. Hunturu ɗaya ya isa a raba su. Daga nan sai a ɗauki alƙaluman a aza su kusa da rajistar yaran da aka kawo da tari asibitocin Tudun Wada da Doguwa da Kiru a watannin nan, a kai wa shugabannin ƙananan hukumomin yankin kafin su rubuta kasafin shekara mai zuwa.